Ƙugiyar Malam Hantsi

Wa ya ce a goge wannan gwajin? Kai ne, Mubarak? To ɗauke hannunka daga kan madannan nan, ka jawo kujera. Ku ma ku matso, aikin ba gudu zai yi ba. Na ji abin da ka faɗa, wai gwaji ne marar kan gado, sunan wani mutum da lamba tara, ba ka ga abin da yake tsarewa ba. Ban ga laifinka ba. Kun zo kun tarar da komai a dafe, in abu ya lalace ku tambayi kwamfuta ta nuna muku inda ya lalace, har kuna cewa aikin kwamfaila, mai juya rubutunmu zuwa harshen inji, ai sauƙi gare shi. Sauƙi! Allah ya shirye ku. Bari in gaya muku inda sunan nan ya fito, in kun ji sai ku goge in kuna iyawa.

Lokacin da na baro Alelu na fara koyon aiki wurin maigidana Injiniya Bawa, mutumin Mungadi, shagonmu ɗaki ɗaya ne a saman bene kusa da tashar Jega. Masu walda ne a ƙasanmu, in suka kunna injinsu sai rubutun kan allo ya kama rawa. Kwamfutarmu ɗaya ce, ta cinya, batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta sai ta tafi da duk abin da ba ka adana ba. Sai mitar awon wuta, da ƙarfen liƙe waya, da wani kebul mai taurin kai da sai an tokare shi da tsinken ashana yake kamawa. Sai kuma abin da na fi ƙauna a shagon: wani ɓallin katako da Injiniya ya jera wa ƙananan fitilu ja, kowace da lambarta a ƙasa da fenti. Da shi muke ganin abin da inji ke yi a zuciyarsa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙaurin dalma da ƙamshin tsiren bakin tasha suna shigowa ta taga ɗaya.

Aikin farko da ya ba ni ba rubutu ba ne, karatu ne. Ya buɗe mini harshen inji tsagwaronsa, lambobi da guntayen kalmomi, ya ce in bi da yatsa in gaya masa abin da ke faruwa. Na yi ta yi har damina ta wuce ban rubuta layi ɗaya ba. Ran da na yi ƙorafi, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kai da ba ka san abin da inji ka ci ba, mi za ka dahwa mishi?" Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Yanzu kuwa da zan same shi da na sake zama in bi da yatsa.

Abin da ya ciyar da mu shekaru shi ne akwatin rabon ruwa. Manoman albasa na fadamun Aliero sukan haɗa kai su haƙa burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana, daga nan sai rigimar wa zai fara sha ta tashi. Injiniya ya ƙera akwati mai buɗe ƙofofin bututu da kansa, kowace gona da ƙofarta da lambarta. Amma kowace ƙungiya da dokarta. Waɗannan su ce ranar Juma'a ba ban ruwa sai an sauko, waɗancan su ce mai sabon dashe shi ke gaba, wasu kuma sukan sauya doka duk ran da suka yi faɗa. Da za mu riƙa kwance akwati saboda kowace doka, da mun ƙare a hanya. Sai ya ƙirƙiri wani ɗan harshe mai sauƙi na rubuta dokokin, akwatin ya riƙa karantawa yana bi.

Karatun layi-layin nan kuwa cin batir gare shi, don akwatin ba ya hutawa, kullum yana cikin duba tanki da rana da wanda ke kan layi. Shi ya sa Injiniya ya zauna ya rubuta jit. Na san kun san shi a takarda, amma ku ji yadda ya faɗa mini. Jit tafinta ne mai wayo. Da farko yakan fassara layi-layi, in ya lura akwai wurin da ake yawan maimaitawa, wanda muke cewa ya yi zafi, sai ya juya wurin gaba ɗaya zuwa harshen inji nan take, daga nan inji ya ci gaba da gudu da kansa.

Ranar da zai koya mini rajista, wurin mai shayin tasha ya kai ni, ya ce in tsaya in yi kallo. Kofunan mutumin 'yan kaɗan ne, masu sha kuwa ba sa yankewa, amma ba wanda ya tsaya jira. Ya ce to rajista ke nan, 'yan guraben da inji ke riƙe lamba a ciki yayin da yake aiki da ita. Sashen jit da muke kira mai rabon rajista shi ke yanke wace lamba za ta zauna a wane gurbi, da lokacin da za a kwashe ta a kai ajiya a ba wata wuri. In ya ɗauka kofi ba mai shi, alhali mai shi ya ɗan waiga ne ya amsa sallama, to an zuba wa wani shayi a kan na wani. Ya biya mana kofi biyu muka koma.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda muka kafa akwati a wata fadama bayan Aliero. Wanda ƙungiyar ta damƙa wa makullin akwatin shi ne Malam Hantsi, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma noma. Rabin manoman nan shi ya koya musu baƙi da wasali. Shi ke shigar da sunaye da lambar ƙofar kowa. Tun ranar kafawa ya ƙi karɓar akwatin, don ya ga allonsa bai san haruffa masu ƙugiya ba. Injiniya ya ce masa ai kowa haka yake rubutu a waya, ana ganewa. Malam ya cire tabarau ya dube shi.

"Injiniya, nan ƙasar masu ɗorin ƙashi ta. Ka san abin da ƙashi ka komawa in kac cire mishi ƙugiya?"

Duk wurin aka tuntsire da dariya. Injiniya ya koma shago ya ƙara wa akwatin ɗ da ƙ da ɓ, Malam ya karɓa yana murna kamar yaro da rigar salla.

Rani ya zo da zafi a shekarar, ruwan burtsatse ya ja baya, kowane ɗigo ana kallonsa. Sai ƙara ta fara zuwa. Ɗahiru, mai ƙofa ta tara, ya ce layinsa kan zo, allo ya nuna sunansa, amma bututunsa ko ɗigo. Sadiƙu ma haka. Da suka bi sawun ruwan, sai suka tarar ƙofa ta biyu ce ke buɗewa a madadinsu. Ƙofa ta biyu kuwa gonar Malam Hantsi ce.

Muka hau mashin muka je. Muka kashe akwatin muka kunna, kamar yadda kowane injiniya ke yi tun duniya na kwance, muka tsaya layin Ɗahiru ya zo, ƙofa ta tara ta buɗe lafiya lau. Muka dawo. Bayan 'yan kwanaki aka sake kira. Muka sake zuwa, muka kashe muka kunna, ya sake yin daidai. A karo na gaba ina duƙe ina duba waya na ji wani a bayana yana cewa, "Awo mana. In baƙi na nan, mutum shina jin kunya." Wani ya amsa masa da cewa ruwa ba ya tsami banza.

Abin takaicin shi ne albasar Malam ma lalacewa take yi. Duk wanda ya taɓa dasa albasa ya san ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ganyenta ya yi rawaya, gindin ya fara ruɓa, shi da kansa yake toshe bututunsa da tsumma. Mutane suka ce alhaki ne ke bin sa. Wanda albasarsa ke bushewa a gaban idonsa ba ya tsayawa lissafin wa ya ci riba.

Wata rana da hantsi sai ga Malam ya hawo benenmu yana haki, shi da ko Jega bai cika zuwa ba. Muka gaisa, na ba shi kujerata. Ya ce an daina tsayawa gaisawa da shi a bakin masallaci, sai dai a ɗaga hannu a wuce. Ya ce Ɗahiru, wanda ya riƙe wa hannu a aji ɗaya, ya gan shi a hanya ya ratse.

"Ni ban san abin da ke cikin wanga akwati ba," in ji shi. "Amma na san abin da hannuna ya taɓa. Albasa in ta ruɓe, baɗi a sake dasawa. Suna hwa, Injiniya?"

Injiniya ya raka Malam har ya sauka. Sannan ya ce mini daga yau ba mu da wani aiki sai wannan.

Na haɗa akwatin gwaji a kan tebur, na jona katakon fitilu a madadin ƙofofi, na buga sunayen manoman da dokokinsu, na sa shi ya yi ta juyawa da sauri har komai ya yi zafi. Kowace fitila ta kama a lokacinta. Na sake, na sake. Muka zargi waya, muka zargi zafin rana, muka zargi ƙadangare, har muka sauya batir. Masu neman sabon akwati suna zuwa muna ba su haƙuri, wasu suka yi fushi suka tafi. Can Injiniya ya tsaya a kaina yana kallon allon, ya ce wa ya buga sunayen nan. Na ce ni. Ya ce, "To tahi ka ciro mani katin da ke cikin akwatin can, yadda yake. Kak ka sake buga komi da hannunka."

Na je na ciro katin ajiyar da sunayen ke ciki na kawo, muka sa. Da farko lafiya, fitila ta tara na kamawa duk sa'ad da layin Ɗahiru ya zo. Muna nan zaune, masu walda na ta ƙara a ƙasa, sai jit ya ga wurin ya yi zafi ya juya shi. Layin Ɗahiru ya zagayo, fitila ta biyu ta kama, jawur. Wallahi ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba kamar ranar. Na yi ihu har mai walda ya leƙo. Nan muka gane dalilin da kashewa da kunnawa ke ɓoye shi: duk sa'ad da muka kunna, jit kan fara daga sanyi, sai mun kama hanyar gida yake yin zafi. Muka kuma ga bambancin sunayena da na Malam. Ni na buga Dahiru da Sadiku, irin rubutun waya. Shi kuwa ya sa wa kowa ƙugiyarsa.

Injiniya cikin ɗoki ya ɗauki waya ya kira maigarin ƙauyen, ya ce masa an kusa, matsalar a cikin rajista take. Shi rajistar inji yake nufi. Amma a ƙauye rajista ɗaya aka sani, wadda malami ke kiran suna da ita, kuma kowa ya san wanda ke shigar da sunaye. Kafin la'asar magana ta gama gari cewa injiniyoyi sun tabbatar Malam ne. Maigari ya sa ranar Juma'a, bayan an sauko, a taru a ƙofar gidansa a karɓi makulli a gaban jama'a. Da labarin ya dawo mana, Injiniya ya dafe kai ya yi ta salati.

A nan karatun bin yatsa ya yi rana. Muka fito da harshen injin da jit ya haifar, muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna bi. Ga lambar ƙofa, tara, an ɗora ta a rajista ta uku. Ga wurin rubuta suna a allo. Ga wurin buɗe ƙofa, ana ɗaukar lamba daga rajista ta uku. To me ya shiga tsakani? Harafin da ba shi da ƙugiya gurbi ɗaya yake ci a cikin inji, ana rubuta shi kai tsaye ba a kiran kowa. Mai ƙugiya kuwa gurbi biyu yake ci, don haka in an iso kansa sai a ratse a kira wani ɗan aiki na gefe ya auna shi. Wannan ratsen shi ne Injiniya ya ƙara daga baya saboda Malam, amma ba a sanar da mai rabon rajista cewa akwai kira a wurin ba. Shi a saninsa ba wanda zai taɓa rajista ta uku, don haka bai kai lambar ajiya ba. Ɗan aikin gefen kuwa yakan ari rajistar, ya auna harafin, ya bar amsarsa a ciki ya tafi.

"Gurbi nawa kac ce ƙugiya ka ci?" in ji Injiniya.

Na ce biyu.

Ya jingina da bango. Da gonar Malam ce ƙofa ta huɗu ko ta biyar, da ba wanda zai taɓa kallonsa. Can ya ce, "Gwano ba ya jin warin jikinshi. Ni da hannuna na rubuta shi."

Ni kuwa irinku ne a lokacin, ido kan hanya mafi kusa. Na ce ai abin ya zo da sauƙi, mu sa akwatin ya riƙa cire ƙugiya daga sunaye, shi ke nan, Juma'a ta ƙarato. Kai, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce ramin yana nan, ni kawai ina so in shimfiɗa masa tabarma, gobe wani kiran ya zo ya faɗa ciki. Ya ce kuma in muka yi haka, mun gaya wa gari cewa rubutun Malam ne ya jawo, alhali Malam daidai ya rubuta. Sai muka gyara a inda ya kamata. Muka koya wa mai rabon rajista cewa duk inda ratse zai iya kai wa ga kira, ya ɗauka rajistocin aro sun tafi, ya kai abin da ke ciki ajiya, ya dawo da shi bayan an gama. Gyaran kansa 'yan layuka ne. Bin duk sauran ratsen da ke cikin jit ɗaya bayan ɗaya shi ya cinye mana kwanakin da suka rage.

Ranar Juma'a muka ɗaure akwatin gwaji da katakon fitilu a bayan mashin. Mun tarar an cika a ƙofar maigari, Malam na zaune can gefe shi kaɗai a kan buzunsa, makullin na hannunsa. Injiniya ya nemi izini. Bai yi dogon bayani ba, ya ce gani ya kori ji. Ya ajiye akwatin da tsohon jit a ciki, wanda muka saita ya yi zafi tun daga farko, ya roƙi Malam kada ya matso ko taki ɗaya. Sannan ya kira Ɗahiru ya ce ya buga sunansa da hannunsa, ba ƙugiya, da ƙofa ta tara. Fitila ta tara ta kama. Ya ce to sake, yadda aka koya maka a makaranta. Ɗahiru ya buga, da ƙugiyarsa. Fitila ta biyu ta kama.

Mutane suka matso. Sadiƙu ya ture mutane ya zo ya gwada nasa, biyu. Wani ya ce a gwada Musa, fitilar Musa ta kama daidai. Injiniya ya ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, rajistar da nic ce ta cikin inji ta, ba ta Malam ba. Masu rabo biyu na ga wanga aiki, shi da nawa. Nawa ne ya ci amana." Ya sa sabon jit, aka yi ta buga sunaye har yara suka shiga layi, kowace fitila tana kamawa a wurinta.

Ɗahiru ya fito daga cikin jama'a. Sannan ya tafi gaban Malam ya durƙusa, ya cire hula, ya ce, "Malam, ka gahwarce ni." Wani dattijo daga baya, don ya sassauta abin, ya ce ai daga yau sai a riƙa rubuta sunaye ba ƙugiya a huta. Malam bai dube shi ba. Ya dafa kan Ɗahiru ya ce, "Wagga ƙugiya ni na kama hannunshi ya lanƙwasa ta. Ba ni cire ta don inji. Tashi, ɗana, ka tai ka ba albasarka ruwa."

Albasar ba ta tashi ba a shekarar, ta Ɗahiru ta bushe, ta Malam ta ruɓe. Injiniya ya ɗauki nauyin irin baɗi na su duka ba tare da kowa ya roƙe shi ba, mu kuma muka sha rani a shago. Amma makulli ya zauna a hannun Malam har ƙarfinsa ya ƙare. Washegarin taron Injiniya ya sa ni na rubuta gwajin nan: a sa jit ya yi zafi, a ba shi Ɗahiru da ƙofa ta tara, a tabbatar tara ce ta fito.

Yanzu shagon bene ya zama wurin sayar da waya, Injiniya ya koma Mungadi idonsa ya yi rauni, Malam Hantsi kuwa Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ɗahiru na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Jit ɗin nan mun sake shi kowa ya ɗauka, mutanen da ba su taɓa jin sunan Jega ba suna aiki da shi, ba su ma san yadda ake furta harafin farkon sunan ba. Amma duk wanda ya taɓa mai rabon rajista, ko a ina yake, sai injinsa ya tsaya ya kira Ɗahiru, ya ba shi ƙofarsa, kafin a bar shi ya wuce.

To ga madannai nan, Mubarak. Gyaran da ka yi da safe ne ya sa gwajin ya faɗi, shi ya sa ya dame ka. Duba mini lambar da ya fitar.

Biyu ko? To jawo kujerarka kusa, ka miƙo yatsa.